Yadda Za Ka Zama Masanin Kiɗa a Sabon Birni Ba Ka Taɓa Riƙe Ganga Ba

Ɗan'uwa, gyara zama. Ko ba ka iya bambanta kalangu da bugun turmi, in ka bi matakan nan shida, na ba ka kasuwa uku: ba mai sa kaset daga Sabon Birni har Isa bai fara duban fuskarka ba. Ni Sodangi na gwada su a shekarar da fari ya maimaita, gero ya ƙone yana iya gwiwa. Ba noma, ba biki, abin da ya rage wa maza shi ne zaman rumfa ana gardamar mawaƙa. Na yi suna har wata ranar kasuwa abincin gidan wani tsoho, Yari mai gangar noma, ya rataya a bakina. Za ni kai ka wurin, kada ka yi gaggawa.

1. Zauna kusa da rikodar wani

Kada ka sayi taka, mai rikoda hankalinsa yana kan batir. Ni rumfar Alhaji Kalilu na kama, mai kai atamfa Maraɗi ya dawo da kaset kwali-kwali. Da an danna, rufe ido, ka karkata kai kamar mai ciwon haƙori. Kada ka kuskura ka kaɗa ƙafa. Wannan aikin masu jin daɗi ne, kai kuwa masani ne.

2. Ka ce na farko ya fi

Duk mawaƙin da aka ambata, ka ce ya lalace. Labbo mai kukuma? Ai tun da ya sa haƙorin Makka muryar ta tafi, wanda bai ji faifansa na kafin canjin kuɗi ba bai ji Labbo ba. Habi zabiya? Kaset biyun farko sun yi, na ukun miyar jiya ce aka ƙara wa ruwa. In wani mai taurin kai ya ce biyu kaɗai ta taɓa yi, ka ce na ukun sai Nijar ake samunsa. Ba mai tsallaka iyaka da yunwa don ya ƙaryata ka.

3. Kowane kiɗa da nasa zagin

Goge na 'yan tasha ne. Waƙar Indiya mace ɗaya ce ke ta kuka tun zamanin Turawa, suna kawai ake canza mata. Disko injin niƙa ne da mai ya kusa ƙare masa. Kiɗan Kongo da direbobi ke shigowa da shi kuwa, yabe shi iya ƙarfinka, tunda ba mai jin abin da suke faɗi, har kai. Riƙe wannan da kyau: gwargwadon nisan garin mawaƙi, gwargwadon yabonsa. Wanda kuke salla masallaci ɗaya bai iya waƙa ba.

4. Ranar hukunci, kada ka yi taushi

Tawa ta zo ne da Alhaji Kalilu ya ce wani mai ɗaukar kaset a Maraɗi yana son makaɗi ɗaya daga nan ƙasarmu ta Gobir, zai ciyar da shi da iyalinsa har damina. Yari ya ji labari. Shi ke kiɗa wa manoma ranar gayya tun ina goye, damin da ake ba shi da kaka shi ne abincinsa. Shekara biyu ba gayya, bakuna goma sha ɗaya a gidansa sun koma dusa da ganyen tafasa.

Ya zo da gangarsa, ya tsaya cikin rana, ya kama kiɗi. Wallahi tsikar jikina ta tashi, har na ji bayana yana son duƙawa. Da ya gama, Alhaji ya juyo ya tambaye ni ko abin zai saidu. Mutum ashirin suna kallona. In na yabi na gida, sunan da na sha wahalar ginawa ya rushe ke nan. Na ce kiɗin ya cika nawa, ba ya rawuwa, kuma abu ɗaya yake ta maimaitawa.

Yari bai yi fushi ba. Ya kira ni da sunan uwata, ya ce, "Ɗan Maijidda, wanga kiɗi ba na zaune ba na. Da saran garma aka auna shi. Duƙa ka ji."

Na ce ai kaset a zaune ake jin sa. Rumfa ta ɗauki dariya, Alhaji ya tafi da wani mai goge daga Isa. Koyi wannan amsar, ta fi komai aiki.

5. In an ba ka kyauta, karɓa

Bayan kwana tara Yari ya yi sallama ƙofar gidana da hantsi. Iyalinsa na kan motar shanu mai zuwa kudu. Ya sauke gangar daga kafaɗa, ya ce, "Mota ba ta da wurinta. Tunda kai kas san yadda ya kamata ta yi, ga ta nan." Na ji kunya, ba ni ɓoye maka, har matata Saude ta kwana biyu ba ta dube ni ba. Amma kunya ba ta hana aiki. Na rataye gangar a zaure inda baƙi za su gani, darajata ta ƙaru.

6. Yi addu'ar ruwa, amma ka tanadi ciwo

Fari ba ya dawwama, nan masana ke faɗuwa. Da damina ta dawo aka kira gayya, maza sittin da garmuna, ba makaɗi. Sai aka tuna akwai ganga gidan masani. Ka ce zazzaɓi, ka ce gocewar ƙashi, ka ce komai. Ni babur ɗin da aka aiko ɗaukata ya iske ni ina shan fura, ba halin ƙaryar ciwo.

Aka tsai da ni bakin gona, na kama bugu. In na yi sauri garmuna su yi karo, in na sassauta a tsaya ana kallona. Wani ya kusa sare wa ƙanensa diddige. Tsoho Wada, wanda ya fi kowa shekaru a gonar, ya taka ya zare makaɗin daga hannuna, ya aje gangar gindin gawo. Abu ɗaya ya tambaye ni: "Ina kak kai muna Yari?" Aka yi noman nan shiru har la'asar, ba ka jin komai sai nishi da ƙarar ƙarfe.

A kula: ni shawara na bayar, ban ɗauki nauyin kowa ba. In ka bi matakan nan aka daina gaishe ka a masallaci, tsakaninka ne da mutanen garinku. In kuma aka tambaye ka inda makaɗinku ya tafi, kada ka turo kowa wurina. Na bi tasha ina tambayar direbobin kudu ɗaya bayan ɗaya har sun gaji da ni. Ɗaya ya ce ya ga mai kama da Yari yana tura kurar ruwa a Kaduna, ya kira sunansa, tsohon bai waiwayo ba.