Takobin da Ke Tsakanin Hannu Biyu

Allah ya yi wa ƙaramin garinmu na Bulgeriya baiwa da Zahari Pandurov, daraktan gidan tarihi. Gidan ɗaki ɗaya ne, ma'aikacinsa ɗaya, shi ne Zahari. Muna kiransa Jakada, yana amsawa har da ɗan rusunawa.

Dukiyar gidan wani ƙaton zane ne na yaƙin Rasha da Turkiyya. Ga janar na Rasha, ga Fasha, babban hafsan Turkawa, ga takobi a tsakiya, kowa da hannu a kai. Mai zanen ya mutu bai faɗi wa ke miƙa wa wa ba. A kan wannan shirun Jakada ya gina sana'arsa.

In baƙi daga Rasha suka zo, sai ya dafe ƙirji. "'Yan'uwa, ku kalli Fasha yana miƙa wuya!" In Turkawa ne, ya sa a dafa gahawa. "Maƙwabta, ku kalli janar yana mayar wa gwarzo takobinsa!" Mu kuwa muna bakin ƙofa da tallar zuma da safar ulu, kowace ya faɗa muna gyaɗa kai. Kakanninmu ma haka suka yi, shi ya sa muka kai yau.

Magajiyar gari, Tsonka, ta gaji da ƙorafi. "Kawu Zahari, in aka sake kawo ƙararka, ka ajiye makulli."

"'Yata, diflomasiyya ba dafa wake ba ce. Bar wa masu ita."

Ran wata Asabar motar Rashawa da ta Turkawa suka iso tare. Jakada ya tsaya gaban zanen, Rashawa a dama, Turkawa a hagu, gumi na bin gashin bakinsa. Ya yabi dawakai. Ya yabi gajimare. Ya daɗe a kan katakon da aka zagaye zanen da shi.

Wani dattijon Baturke ya ɗaga sanda. "Maigida, bara ka ce mayar mana ake yi."

"Mu kuma ka ce karɓewa muke yi," in ji wata Barashiya mai jan gashi.

Jakada ya gyara kwat. "Manyan baƙi, bincikena na baya-bayan nan ya nuna takobin na garinmu ne. Aro suka yi."

Mu dai mun gyaɗa kai.

Baƙin suka dubi juna, suka kwashe da dariya. Baturken ya ba Barashiyar hannu, suka jera har ofishin Tsonka, suka shaida mata da baki ɗaya cewa ba su taɓa ganin maƙaryaci irinsa ba. Kafin magariba makulli ya bar aljihunsa.

Yanzu kullum yana teburin mai gahawa, yana ba da labarin ranar da ya haɗa kan Rasha da Turkiyya, abin da ya gagari sarakuna. Ni ban yi makaranta ba, amma tun da na san shi, wannan ce gaskiyar farko da ta fito daga bakinsa. Ita kaɗai ce kuma ba wanda ya yarda da ita.