Ƙofa ta Huɗu

Kowace safiya, kafin a kunna komai a ɗakin ɗaukar waƙa, Kaka takan sa bakin mayafinta ta goge ƙofa ta huɗu. A jikin wani ɗan akwatin MIDI take, mai ƙofofin shiga huɗu da na fita huɗu. Shi ke karɓar saƙo daga abin da aka kaɗa, ya miƙa wa na'urar da za ta fitar da sauti. Ƙofofin shiga uku duk suna da wayoyinsu. Ta huɗun, nan marigayi mijinta yake soka wayar fiyanonsa, kuma tun da ya rasu ba a sake soka komai ba.

Tana cikin gogewar sai ga jikanta, wanda ke riƙe da aikin ɗakin yanzu, rungume da sabuwar gangar lantarki. Wata mawaƙiya na tafe, kuma waƙarta ba ta yiwuwa sai da ganga.

"Lafiya lau, Amarya, sai dai ki matsa. Ƙofar nan nake so."

"Ango ke nan. Gaisuwar ma rabinta ka iya."

"Rabin da ya rage sai kin yi haƙora."

"Ga ƙofofi uku can. Cire ɗaya mana."

"Duk suna aiki. Ke kaɗai ce ba ki da aiki a ɗakin nan, sai shafa ƙarfe."

"Ni na wanke maka majina, ƙarfe ai mai sauƙi ne."

Kafin ta rufe baki ya soka wayar gangar, ya ɗan buga. Ɗakin ya ɗauka gaba ɗaya. Na'urar goge ta yi kuka, ta sarewa ta amsa, tsohon akwatin sautin fiyanon marigayin da ke can lungu shi ma ya yi gyaran murya. Jikan ya dafe kai.

"Wa ya haɗa wannan? Ƙofa ta huɗu tana aika wa kowa da kowa."

"Wanda ya riga ka aurena."

"Ai na sani. Mutum ya danna abu ɗaya, gida duk ya tashi."

"Ba shi da rowa ne. In ya taɓa, kowa sai ya samu. Kai kuwa ko gyaɗa ka saya, a aljihu kake ɓarewa."

"Tsohuwa, sai na yanke hanyoyin nan. Ganga ta je wa na'urarta kawai. In mawaƙiyar nan ta zo ta ji wannan hayaniya, ba za ta dawo ba."

"Ta ga fuskarka ma ta dawo, wannan ne zai kore ta?"

"Na sake ki, saki uku."

"Da me ka aure ni? Ko zoben roba ban gani ba."

Ya kai hannu ga madannan, ta buge hannun. Ta san gaskiya ya faɗa. Ta kuma san in fitilun hanyoyin da ke jikin akwatin suka mutu, ba sauran wani abu a ɗakin da yake yadda mai shi ya bar shi. Ta ɗan jima tana duban akwatin.

"Kada ka taɓa min. Nuna min dai."

"Ki danne shiga ta huɗu. Fita ta ɗaya ta na'urar ganga ce, ki bar ta. Sauran fitilun fita ki kashe su ɗaya bayan ɗaya."

Ta danne. Ta kashe ta biyu. Ta kashe ta uku. Sai ta buɗe aljihun tebur ta ɗauko wata jar waya ta marigayin, naɗaɗɗiya tsaf, ta jefa masa a cinya.

"Cire wannan igiyar shanyar taka. Tasa ba ta yankewa a tsakiyar waƙa."

Ya juya wayar a hannunsa, ya yi dariya ƙasa-ƙasa. "To, na mayar da ke ɗakinki. Saura ɗaya fa, ta akwatin fiyanon."

"Yatsana ya gaji."

"Amarya."

"Rage masa murya. Ba zai dame ka ba."

Aka ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin. Jikan ya dube ta, ya dubi lungu, ya je ya murɗe muryar tsohon akwatin har ƙasa, sannan ya buɗe wa mawaƙiyar.

Da aka fara ɗauka, Kaka ta ja kujerarta zuwa lungun. Duk bugun ganga, 'yar fitilar da ke goshin tsohon akwatin sai ta ƙifta. Jikan ya nuna mata madannin da ya rage da haɓa.

"Gobe," in ji ta.