Ranar da Na Fasa Makullin Babur a Maigatari

Shekarar da aka turo ni Gagarawa aikin malamin gona, ban san kowa ba sai babur ɗina, wani ja sabo fil. Shi nake gogewa da yamma, wani lokaci har hira nake yi masa.

Wata Alhamis na je kasuwar Maigatari, na kulle kan babur ɗin a gindin bishiya, na shiga kallon shanu don dai in ga mutane. Da na dawo, makulli ya ƙi juyawa. Na murɗa da ƙarfi, ya karye a ciki.

Ban nemi shawarar kowa ba, ai ni da babur ɗina mun san juna. Na aro guduma da guntun ƙarfe wajen maƙeri, na tuɓe riga, na hau duka. Mutane suka taru, ni kuwa har daɗi nake ji, yau ga masu kallona. Wani dattijo dillalin shanu ya tsaya kusa da ni, hannuwa a baya, yana kallo har ƙarfen makullin ya fashe, kan babur ya saki.

"Sannu da aiki, Malam," in ji dattijon. "Tunda ka gama da nawa, ga naka can a ɗaya bishiyar."

Kafin kasuwa ta zagayo, labari ya kai Gumel da Sule Tankarkar. Daga nan kowa ya san ni. Duk majalisar da na doso sai a miƙe da sauri, amma ba don tarbata ba.

"Ga Malam Mai Guduma nan, kowa ya tsare babur ɗinsa."