Yadda Za Ka Gyara Garmahon Surukarka Ba Tare da Ta Roƙe Ka Ba

Ɗan'uwa, bi matakan nan yadda na jero su, na yi maka alkawari tsohon garmaho zai yi sauti tangaran kamar ranar da aka sauke shi daga jirgin ruwa. Ba labari na ji ba. Maƙwabcina Ustaz Mamduh, malamin lissafi da ya yi ritaya, shi ya gwada su a nan Iskandariyya, kuma babu matakin da ya ƙi ci.

1. Nemi garmahon da ba naka ba

Gyaran naka ba ya kawo suna. Na surukarka ya fi, balle in har kun yi jikoki tana kiranka "mijin Afaf" kamar ba a raɗa maka suna ba. Hajja Nabawiya, surukar Mamduh, tana da guda a falo, ta lulluɓe shi da ƙyallen da ta saƙa da hannunta. Faifai ɗaya tak take ɗorawa. Marigayi mijinta, Usta Jabir mai gyaran kwale-kwale, shi ya shiga wani shago suna ango da amarya ya rera mata waƙa aka naɗa. Duk duniya nan kaɗai muryarsa ta rage. Juma'a mai zuwa kuma dangi za su taru don tunawa da ranar rasuwarsa, a saurara tare.

2. Gano masa cuta

Sunkuya ka kara kunne, sannan ka girgiza kai. Masani ba ya buɗe baki sai ya girgiza kai tukuna. Mamduh ya ɗiga alli a gefen farantin da ke juya faifai, ya zuba wa agogonsa ido, sai ya ga abin yana jan ƙafa. Robar da ke jan farantin ta saki tun shekaru aru-aru.

"Hajja, wannan fa ba ya gudu yadda ya kamata."

"Ina za shi da zai yi gudu? Sha shayinka kafin ya huce."

Kada wannan ya karya maka gwiwa. Tsofaffi ba su san suna shan wahala ba sai an gaya musu.

3. Ɗauke shi ranar da ta tafi ganin likitan gwiwa

Rungume shi sai unguwar Attarin, wurin masu tsofaffin kaya. Zaɓi mai shagon da zai ce maka, "Ya Basha, ranka ya daɗe, kunne irin naka an daina haihuwarsu." Shi ne mai gaskiya. Sayi sabuwar roba da sabuwar allura da ɗan mai. Goge tsatsar da iskar teku ta dasa. In ka haɗa ka ga sauran ƙusa biyu a kan tebur, kamfani ne ya yi almubazzaranci.

4. Jefar da tsohuwar robar

Matarka za ta ce, "Mamduh, don Allah ajiye ta, ba a sani ba." Ka yi mata murmushi irin wanda kake yi wa ɗalibin da ya faɗi jarrabawa, ka cilla robar cikin amalanken mai sayen tarkace.

5. Yaye ƙyalle a gaban dangi

Bari a gama da soyayyen kifi da shinkafa, a zuba gahawa. Sannan ka miƙe, ka gyara murya, ka yi ɗan jawabi kan ilimin sauti. Haka Mamduh ya yi, ƙirjinsa cike da zumuɗi, don ya tabbata yau Hajja za ta kira sunansa.

Ya sauke allura. Sai ga wata 'yar siririyar murya ta fito a guje, kamar saurayin da ke bin tarago.

"Wane ne wannan?" in ji Hajja.

"Usta Jabir ne, Hajja. Ainihin muryarsa ke nan, da can robar ce ta..."

Afaf ta ce a hankali, "Mama, wallahi na tuna, haka muryar Baba take. Siririya ce."

"Ke rufe min baki! Ni na aure shi ko ke? Mijina in ya yi magana daga bakin teku har nan ake ji." Sai muryarta ta karye. Ta juyo ta dubi surukinta. "Ina ka kai min shi?"

Kunya da tausayi suka rufe Mamduh. Lissafinsa daidai ne, bai kuskure ko'ina ba. Amma robar ta ɗauki shekaru tana saki kaɗan-kaɗan, muryar tana ƙara kauri, tana tsufa tare da matar. Shi kuma ya zo rana ɗaya ya mayar mata da wani yaro da ta daɗe da mantawa.

6. Sa yatsa

Wannan shi ne sirrin sana'ar, ba kowa nake gaya wa ba. Ɗora ɗan yatsanka a gefen farantin, ka danna kaɗan ya rage gudu. Mamduh ya ɗora. Muryar ta sauko.

"Ƙara," in ji Hajja. "A'a, ka yi yawa, ka mai da shi bijimin sa. Sassauta. Tsaya nan!"

Ta lumshe ido, hawaye na bin kumatunta, leɓunanta na bin waƙar. Bai motsa ba har allura ta kai ƙarshe, ga bayansa ya ƙage.

Gargaɗi

Ni dai na cika alkawari, garmaho ya gyaru. In yatsanka ya yi kanta, ko likita ya ce bayanka ya goce, babu hannuna. Kada ka biyo ni gida, kada ka aiko Afaf. Kuma ba ni na sa Hajja ta yanke cewa daga yanzu kowace Juma'a bayan cin kifi za ta ji mijinta ba. An gwada yatsan ɗanta na cikinta, ta ce sam, Jabir ba ya fitowa daidai sai a hannun mijin Afaf.