Rasuwar Farawul Mai Haƙora Goma Sha Shida

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma idona a bushe, nake sanar da 'yan uwa da abokan aikina na maɗaba'a rasuwar farawul ɗin kekena, wato ɗan faifan nan mai haƙora da kaca ke ja a tayar baya. Ya cika a tsakiyar tudun da ke bayan gada, ina kansa, muna hanyar aiki.

Kekena giya ɗaya gare shi, don haka farawul ɗin da ka zaɓa shi ne halin kekenka. Mai haƙora da yawa yana da sauƙin hawa tudu, amma a miƙaƙƙen titi sai ka yi ta wutsil-wutsil da ƙafa ba ka zuwa ko'ina. Mai haƙora kaɗan kuwa nauyi gare shi, sai dai in ya ɗauki hanya ba ya waiwaye. Ranar da na zaɓi marigayin, mai gyaran keke ya nuna mini tudun da baki, ya ce in ɗauki mai ashirin. Na ce sha shida. Da za a sake tambayata yau, da ƙuruciyar nan a jikina, sha shida zan ce.

Marigayin ba shi da surutu. In na saki feda a gangara, iyakar abin da yake cewa shi ne "tsik-tsik-tsik". Bai taɓa sa ni makara ba. Ya kuma raba ni da 'yan aro: duk wanda ya karɓi keken sau ɗaya, yakan dawo da shi a ture, yana haki, ba ya ƙara gaishe ni da safe da wata manufa. Ƙanin matata ma sau ɗaya ya gwada. Allah Ya saka wa marigayin da alheri.

Ya yi doguwar jinya. Haƙoransa suka siɗe, suka yi tsini kamar ƙayar kifi, kaca ta fara zamewa a kansu, muryarsa ta koma "ƙarat, ƙarat". Na ɗiga masa mai, na ɗaure kaca, na yi masa duk abin da ake yi wa na gida. Ranar da ajali ya zo, na miƙe a kan feda da dukan nauyina, feda ta juya fayau ba ta riƙe komai ba, ni da keke muka kwanta a gefen titi. Gwiwata ta hagu ce ta fara isa ƙasa.

Ya bar kaca ɗaya, wadda ita ma jikin ya ƙi, da babban faifan gaba, da sirdi, da ni.

Tun ba a yi zaman makoki ba iyalina suka fara rabon gado. 'Yata ta fari ta dubi gwiwar, ta ce hawan keke ya ƙare, mijinta zai riƙa ajiye ni a wurin aiki da motarsa. Wato in tsaya a bakin ƙofa kamar ƙunshin kaya, ina jiran yaron da na ba 'ya ya gama shan shayi. Na san don so take yi, kuma abin ya taɓa ni. Amma ban yarda ba. Farawul ne ya mutu, ni ina nan.

Abu ɗaya na sallama, shi ma da ciwon rai. Magajinsa mai haƙora ashirin ne. Mai gyara ya ɗaura shi yana danne dariya, na yi kamar ban gani ba. Gwiwa ta ci haƙora huɗu, ta ƙoshi, kada ta nemi ƙari.

Za a yi wa marigayin wanka da kananzir gobe da safe a ƙofar gidana, a naɗe shi a farin ƙyalle. Ni zan ɗauki gawar a aljihun rigata, a kan keken, in haura da ita tudun da ya kashe ta, a binne ta a gindin bishiyar da ke can sama. Surukina da 'yata na iya rakiya da motarsa, amma a bayana, kuma ban da hon. In ƙafata ta taɓa ƙasa kafin mu kai bishiyar, ku ɗauki keken ku sayar, ba zan ce uffan ba. In ba ta taɓa ba, ya juya da motarsa ya kai matarsa gida, ni daga maƙabarta aiki zan wuce.