Yadda Za Ka Hana Dunƙule A Gidanka Ka Sha Shi A Kwanon Maƙwabci

Kai da ka sayi data jiya ka wayi gari likita, matso kusa. Ni Malam Sagiru, mai koyar da 'yan firamare a Tsaskiya, na ɗaukar maka alkawari: in ka bi matakan nan za ka ceci ƙwayoyin hanjinka, ka kuma yi suna a unguwa. Ko wane irin suna ne, wannan ban ce ba. A gidana na gwada su duka.

1. Karanta rabin binciken

Za ka gani a waya cewa akwai wasu ƙananan halittu a hanjin ɗan Adam masu taya shi narkar da abinci, kuma masana na zargin wasu sinadaran da kamfanoni ke zubawa a abinci suna dagula musu zama. To, tsaya nan. Kada ka gangara ƙasa, inda aka ce da yawa daga gwaje-gwajen a kan ɓeraye aka yi, kuma maganar ta fi shafar zaƙin lemon kwalba da kayan gwangwani, kuma su masanan sun ce da sauran aiki. Karatu in ya yi yawa rage wa mutum ƙarfin murya yake yi.

2. Kafa doka a madafi, inda ba ka taɓa hura wuta ba

Tsaya bakin ƙofa ka sanar cewa daga yau duk abin da ya zo cikin leda an sallame shi daga tukunya: dunƙulen miya, tumatirin leda, kori, duka.

Matata Zuwairatu ta dube ni, muciya a hannu, ta ce, "Malam, ai gishirin ma a leda yake zuwa."

Wallahi ban tuna da gishiri ba. Amma masani ba ya ja da baya a gaban tukunya. Na ce, "Har shi."

3. Ɗauki kwanonka ka fita ciyayya

A unguwarmu, bayan magariba kowane magidanci kan fito da tuwon gidansa ƙofar Baba Maude, dattijonmu, a jera kwanuka a tabarma a bi su ɗaya bayan ɗaya. Ba a yabon girkin matar wani da baki, kwano ne ke kai labari cikin gida. Na Zuwairatu kuwa tun zuwanta a suɗe yake komawa, kuma da wannan take taƙama.

Buɗe naka, ka yi musu lacca a kan hanji. Baba Maude ya kai loma, ya daɗe yana taunar tuwon da ba ya buƙatar tauna, sannan ya ce, "Malam Sagiru, iyali dai lafiya?"

Na ce, "Lafiya lau, Baba."

Ya ce, "To, madalla." Ya gusar da kwanon gefe a hankali.

4. Kada ka ƙi abincin maƙwabci

Rashin ladabi ne. Don haka kai hannu kwanon Lawal mai shago, wanda matarsa Tayyiba ke marmasa dunƙule kamar kyauta ake ba ta. Ka ci don zumunci, ka ƙara don bincike. Ƙwayoyin hanji suna da hankali, sun san haƙƙin maƙwabtaka.

5. Mayar da kwanonka a cike

Ka ce mutanen ne ba su waye ba tukuna. Zuwairatu takan buɗe murfi, ta ga loma ɗaya aka gutsura, ta rufe, ta ajiye shi gefe a hankali. Ni kuwa na ɗauka ilimi ne ke ratsa ta.

6. Karɓi taimako da mutunci

Ashe babu wanda ya yarda da zancen halittun da ba a gani. Unguwa ta yanke hukunci cewa babu ce ta kama Malam, yake rufe ta da boko. Sai ga Tayyiba ta yi sallama da hantsi, ta zaro ƙullin gishiri da dunƙule daga ƙarƙashin mayafi, ta ce, "Riƙe, 'yar'uwa, kowa na shiga irin wannan. Ni ma shi ya sa nake ƙara miya, an ce Malam ya fi kowa son tawa."

Na dawo daga makaranta na tarar da ƙullin a kan tabarmata, Zuwairatu kuma idanu jajur. Ta ce, "Ni ka mayar abar tausayi a gari, kai kana can kana suɗe kwanon Tayyiba. Mi na yi maka, Baban Ummi?"

Kunya ta rufe ni, na ji tausayinta har cikin raina. A irin wannan lokaci kada ka kuskura ka ambaci hanji. Ni na ambata.

7. Amince da sulhu

Yanzu tukunya biyu ake ɗorawa. Ƙaramar tawa ce, lami, ba gishiri ba dunƙule, kamar yadda kimiyyata ta nema. Takan zaunar da ni in cinye tas a gabanta, ta ƙaro, ta ce, "Ci, Malam, don ƙwayoyinka." Sai ta ga na fara nishi take miƙo babban kwano, ƙamshi na tashi, ta ce in kai waje.

Haka zan zauna ciki fam, ina kallon hannaye na shiga miyar matata suna fita. Baba Maude kan ce, "Sa hannu mana, Malam." In ce, "Alhamdu lillahi, Baba." Ni ne kuma mai ɗaukar kwanon a suɗe in kai mata, ta duba, ta yi murmushi. Da kwanon take yi, ba da ni ba.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan ya ga ba daidai ba, babu ruwana, babu ruwan masana, balle ɓerayen da aka yi gwajin a kansu. Mai ciwon ciki ya nufi asibiti. Mai neman ƙarin bayani kuma kada ya zo mini gab da magariba, don lokacin ina cin tuwo, kuma duk wanda Zuwairatu ta tarar a zaune tare da ni, irin nawa take zuba masa.