An Raba Iya Baraka da Dokin Ƙofarta

"Lafiya lau, angon banza. Hanya dai ta jijjiga ni, amma ba ta kai ganin fuskarka wahala ba."

Haka Iya Baraka ta amsa wa jikanta Zayyanu sannu da zuwa, tana zaune a keken asibiti a tsakar gidanta na Badaguishiri. Kwana ashirin da uku ta yi kwance a asibitin Konni, tun ranar da ta yi tuntuɓe da dokin ƙofar ɗakinta, ƙashin ƙugu ya tsage. Babban ɗanta ya ce idan gidan bai dace da ƙafarta ba, Yamai zai tafi da ita. Shi ne Zayyanu, wanda ke aikin gini a Malbaza, ya ajiye komai ya zo da cokalin gininsa.

Maganin safe bai gama sakinta ba. Tana ganin gidan kamar ta cikin ruwan randa, inuwar magarya tana lilo a hankali. Ta daɗe tana kallon ƙofar ɗakin.

"Ina dokin ƙofata?"

"Na sallame shi. Dokin da ya ka da amaryata ba ya sake kwana gidan ga."

"Shekara hamsin ina ƙetare shi. Bisa kanshi kakanka ya zamna yana ba ni haƙuri ran da ya saida mani akuya."

"To yanzu ga gangare na zuba maki da siminti. Ko ƙwai aka saki, lafiya zai isa ƙasa."

"Wanga ƙarfe da ka kafa jikin bango fa? Tunkiya ka maishe ni?"

"Tunkiya tana da haƙora, Iya. Na kamawa ne, daga gado har banɗaki. Can ma kujera na sa maki, ki zamna kamar madam mai aikin ofis cikin buronta."

"Marar kunya. Ni da na yi tsere da barewa a fadama, ta ce in tsaya ta huta."

"Na ji labarin. An ce barewar ma kwance take, ciwon ƙugu gare ta."

Ta so ta yi dariya, ta danne. Idonta ya lumshe, muryarta ta yi ƙasa.

"Ka san can gidan likita, kullum da azahar ɗakin nan yana zuwa gaishe ni? Da ƙafarshi yake zuwa. Ya tsaya bakin taga da kwanonina jere, ko ɗaya bai motsa ba. Har ƙamshin turarena nake ji. Kai kuwa, mijin kirki, sau biyu ka leƙo."

"Wa kike zaton yake ɗora shi bisa motar siminti?"

"Ƙarya dai ba ta yi maka wuya."

"Daga wurinki na gada. Tashi mu gani, ko in nemo budurwa mai ƙafa."

Ta miƙa hannu ta kama ƙarfen. Rana ta ɗumama shi, kamar tafin mutum. Ta ja jiki ta miƙe. Ƙugun ya yi magana, tsoro ya kama ta, domin rabon da ta taka ƙasa ba hannun kowa a hammatarta tun kafin faɗuwar. Zayyanu yana bayanta, hannuwansa a buɗe, bai taɓa ta ba. Taki ɗaya, ta huta. Taki biyu. Gangaren ya karɓe ta kamar ƙasa ce ke tasowa ta tarye ta.

A ciki ta tarar an ɗaga gadon daidai zamanta. Kusa da matashi kuma ga sabuwar taga, an yanka ta ƙasa-ƙasa. Ta zauna ta duba. Fadama ce shimfiɗe, albasa kore shar, masu ban ruwa suna kai da kawo can nesa kamar ba su taka ƙasa. Har kan iyakar garkarta tana hangowa.

"Ka huda mani bango," in ji ta, a hankali.

"Don ki riƙa ganin masu satar maki albasa, ki zage su daga kwance."

Iska tana shigowa da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Ka kira baffanka. Ka ce mashi ya bar ni wurin nan. Mijina mugu ne, ya hana ni tafiya."

Sai ta kwance bakin zanenta, ta fito da dabino uku da matar gadon kusa da nata a asibiti ta ba ta da za su rabu. Ta zuba masa a hannu.

"Ɗaya naka, don kada ka yi kuka. Biyun na maginin ne. In ka gan shi, ka ce mashi tsohuwa ta gode."

"Ai ya tafi, Iya. Ya ce in ci mashi."

Wannan karon dariyar ta ƙwace mata, har ta riƙe ƙugu.